Ƙullutun da Aka Ce Maruru Ne

Lauratu na tsakar gida tana tuƙa tuwon dawa, sai muciya ta suɓuce mata, ta dafe ƙirji. Mijinta Barau, wanda dawowarsa ke nan daga gonar gyaɗa a bayan Ajingi, ya yar da fartanya.

"Ƙullutun nan ne kuma?"

"Shi ne, Malam. Yau har hammata nake jin sa."

Wata takwas ke nan suna zarya zuwa ɗakin shan magani da ke wajen Gaya, inda Tukur, yayan Barau, yake disfensa. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Maruru ne! Ga allura, ga ƙwayoyi." Sau biyu Barau yana roƙonsa ya tura su Kano, Tukur ya ce, "Ni za ka koya wa aikina?"

Wannan karon Barau bai shawarci kowa ba. Washegari suka hau motar gyaɗa zuwa babban asibiti a Kano. Aka yanki ɗan nama aka gwada, bayan mako biyu likita ya kira su.

"Ciwon daji ne. Ina kuka tsaya tuntuni? Yanzu sai an cire nonon gaba ɗaya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" in ji Barau.

Aka yi aiki, Allah ya tashe ta. Ranar da suka dawo gida, ko ruwa Barau bai sha ba mahaifiyarsa, Inna Barira, ta kira shi ɗaki.

"Ka sallame ta ta koma gidan iyayenta a garin Balan. Muddin tana garin nan, nuna yayanka Tukur za a riƙa yi da yatsa."

Barau ya ce, "Inna! Ita aka cuta, ita kuma za a kora? Ban taɓa yi miki musu ba, amma ki gafarce ni, wannan kam ba zan iya ba."

Ashe Tukur na bakin ƙofa, ya zo dubiya. Ya shigo ya durƙusa.

"Inna, tun wata na uku na san ba maruru ba ne. Kunyar a ce abin ya fi ƙarfina ce ta rufe mini baki."

Inna ta kama haɓa. Can ta miƙe ta nufi ɗakin Lauratu, ta rungume ta tana kuka.

"Ki yafe mana, 'yar nan."

"Na yafe, Inna," in ji Lauratu. "Amma Yaya ya faɗi gaskiyar nan a gaban iyayena."

Ya kuwa je har Balan ya faɗa.

Barau ya yi ta kai ta Kano ana dubawa, ciwon bai dawo ba. Bayan shekara uku ta haifi 'ya mace, Hanne, ta shayar da ita da ɗayan nonon har yaye.

Haƙurin Lauratu da amanar Barau ba su faɗi ƙasa ba. Shi kuwa wanda aka damƙa wa ran mutum, in bai sani ba, ya ce bai sani ba tun da sauran lokaci.