Tagullar Inbatar Dapaong

Ranar Litinin da safe aka tarar an farke cikin inbatar da 'yan ajin lantarki na wata makarantar sakandare a Sokodé suka haɗa, na'urar da ke ba da lantarki daga batir. Taransifoma babu. Wata uku yaran suna naɗa tagullarta da hannu, don wani ɗakin haihuwa a wani ƙauye kusa da Dapaong.

Kafin sufeton 'yan sanda Mahama ya iso, Mesiye Djibril, mai kula da tarbiyya, har ya rubuta takardar korar Salamata, ɗalibar da ke riƙe da makullin ɗakin aiki. Saura sati biyu jarrabawa. Ga gaggawar aiki inda ba a nema ba!

Mahama ya leƙa cikin akwatin inbatar. Yankan wuƙa ne, aikin ƙazanta. A kan babban kwandansato, abin da ke tara wuta, akwai baƙin tabon ƙuna.

"Ke kika rufe ranar Asabar?"

"Ni ce, Mesiye. Mun gwada ta, na kashe, na kulle."

"Da za ki buɗe ta, me za ki fara yi?"

"In sauke cajin kwandansato. Yana riƙe wuta ko an kashe. Tun ajin farko ake koya mana."

Ya sa ɗaliban da malaminsu da mai gadi suka shimfiɗa hannuwa. Sumul. Sai ya ɗaga takardar korar.

"Mesiye Djibril, sa hannunka ne wannan? Kamar tafiyar kaza."

"Sauri nake yi."

"Makulli na biyu a ofishinka yake. Fito da hannunka na dama daga aljihu."

Yatsu biyu a kumbure, da ƙuna.

"Ɗan ajin nan ba ya taɓa kwandansato da caji," in ji Mahama. "Ɓarawon bai san komai a lantarki ba, makulli kawai gare shi. Wutar ta ƙone ka, ka koma rubutu da hagu, ka ɗora wa yarinya."

"'Yar mahauci ce fa," in ji Djibril. "Ko an kore ta, ba ta rasa abin yi."

Mahama ya juya ya tofar da yawu ta taga.

A bayan gidan Djibril aka samo tagullar. Ya babbake ta a wuta don ya sayar wa masu sayen ƙarfe. An yaga takardar kora a gaban Salamata, ko kallo ba ta yi ba. Ta tsuguna ta ɗauki dunƙulen baƙar wayar, toka na zuba a tafinta.

"Wannan ba ta naɗuwa kuma," ta ce.