Numfashi a Bakin Kwalba

"Ki juyo ki dube ni, hasken idona!"

Masoyinta ne ke kira, amma ba ta juyo ba. Hantsaki na hannunta, ɗan tsiron bishiyar madobiya na bakinsa, kwalbar kuma a buɗe. A ɗakin gwajin tsirran da take aiki ba a magana a kan buɗaɗɗiyar kwalba, domin numfashin mutum kaɗai ya isa ya jawo fumfuna ta cinye tsiro.

Wannan ce kwalba ta ƙarshe, kuma aurenta ne a ciki.

Madobiyar marigayi Baba ce. Yayanta ne ya sayar da ita a ɓoye, sannan ya ce wa Mama mai zarto ne ya sare ba izini. Mai zarton kuwa shi ne masoyinta, bawan Allah da aka ɗauko aiki bai san gonar waye ba. Da ya gane, sai ya kawo mata ɗanyen reshenta.

Mama ta rantse a gaban kowa.

"Wallahi ba zai aure ki ba, sai ranar da na ga bishiyar mijina ta sake tsirowa!"

Sai 'yar ta yanka tohon reshen ƙanana, ta dasa a kwalabe bisa daskararren abincin tsiro. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu, saura wannan.

"Yayanki ya ce kin haƙura da ni," masoyin nata ya faɗa daga bakin ƙofar ɗakin gwajin. "Ga jakata, motar na jira. In ƙarya yake, ki ce ko kalma ɗaya..."

Ta so ta rufe kwalbar tukuna. Amma ba ta gama dasa tsiron ba.

Ta ji ƙofa tana rufuwa.

Ba ta san lokacin da ta fizge takunkumin fuskarta ba.

"Kar ka tafi! Wallahi ina sonka!"

Ya dawo da gudu, yana dariya yana hawaye kamar yaro. Ita ma ta yi dariyar, amma idonta na kan kwalbar. Numfashinta ya riga ya shiga ciki.

Kwana kaɗan bayan haka ta ga wani farin ɗigo a gefen tsiron. Kafin mako ya zagayo, fumfuna ta lulluɓe shi kamar auduga.

Ta kai wa Mama kwalbar, ta durƙusa.

"Mama, ya tsiro... da idona na ga ganyensa."

Mama ta juya kwalbar a hannunta, ta daɗe tana kallo, hawaye na bin kuncinta.

"Ni ban gani ba, 'yar nan. Kuma na riga na rantse."

A ƙofar gida masoyin nata yake tsaye yana jiran albishir. Da ya ga kwalbar, murmushinsa ya ɗauke.

"Wa ya yi mana wannan? Yayanki ne ko?"

Ta girgiza kai, ta miƙa masa.

"Kalma ɗaya ka roƙa, masoyina... ga ta nan."