Sawun Magagari a Gidan Birki

Ƙarfe goma na safe, a kakar 1983, aka kawo wa Sufeto Hussaini rahoto a caji ofis na Funtua: wata Fijo a-kori-kura mai ɗauke da masara ta ƙwace a gangaren wata gada kan hanyar Bakori, direban ya rasu nan take.

Sufeto ya ga haɗura ba iyaka, amma da ya isa wurin sai ya ga wannan daban yake. Motar ta nutse cikin rafi da goshi, masara ta watsu har kan duwatsu, kuma babu sawun birki ko taƙi ɗaya a kan kwalta. Mamacin Abdussamad ne, ɗan shekara ashirin da shida, babban ɗan Alhaji Mati mai hatsi na Bakori.

Alhaji Mati na tsaye a bakin gada, idanu jawur.

"Ayinde bakanike ya kashe mani ɗa," in ji shi. "Satin da ya wuce ya canja mata birki, wai manya ya sa. Ga abin da manyan suka yi."

Sufeto ya gangara ya tsuguna gindin tayar gaba ta dama. Man birki ya jiƙa cikinta sharkaf. Ya sa Saje Sada ya kwance ta, sai ga gidan birki, wato ƙarfen da ke matse faifan, an goge gefensa har ya yi fari, ya kuma tsage daidai inda bututun mai ke shiga. Ya shafa wurin da yatsa, ya ji layi-layi.

Kafin su koma Funtua direbobin tasha sun kewaye garejin Ayinde, wasu da galan na fetur. Sufeto ya sa aka kai shi caji ofis, ya kama shi ne ko ya cece shi, shi ma bai tantance ba tukuna. Abin da ya sani shi ne, idan rana ta faɗi bai gano gaskiya ba, gobe Ayinde zai gurfana a kotu kan kisa, garejinsa kuma ya zama toka.

A Funtua aka haifi Ayinde, Hausarsa ta fi ta Saje fita.

"Me ka yi wa motar?" Sufeto ya tambaya.

"Yallaɓai, Alhaji lodi yake mata fiye da ƙarfinta, birkin ba ya riƙewa. Sai na cire ƙananan faifan gaba na sa manya na babbar mota, da gidajensu. Babban birki ba ya shiga cikin ƙaramin ƙarfen taya, don haka na canja ƙarafan taya huɗun duka."

Sufeto ya ɗora tsagaggen ƙarfen a kan tebur. "Wannan gugar fa?"

Ayinde ya ɗauka ya juya, bakinsa a buɗe. "Inna lillahi. Wa ya yi wannan? Ni injin guga gare ni, sumul yake barin ƙarfe. Wannan magagari ne, aikin hannu. Kuma ko mahaukaci ba ya goge nan, mai ne ke bi ta ciki." Ya ɗago kai. "Yallaɓai, wace taya ce a gaba?"

Saje ya gangaro da ita.

"Safaya ce, tayar ko-ta-kwana!" in ji Ayinde. "Ita kaɗai ban canja ba. Na ce kada a kuskura a sa ta gaba. In tayar gaba ta yi faci, a ɗauko ta baya a kawo gaba, safayar ta koma baya. Gaban Alhaji da marigayi na faɗa, har sau uku."

Da azahar Sufeto ya isa Bakori. Garin ba shi da bakaniken da ya buɗe da sassafe, amma akwai maƙera a bayan gidan Alhaji Mati. Shitu maƙeri na zaune yana gyaran lauje, ganin kaki ya sa guduma ta kusa faɗo masa a ƙafa.

"Ka taɓa mota yau?"

"Ni? Ranka ya daɗe, fartanya da galma na sani, mi ya haɗa ni da mota?"

Sufeto bai yi musu ba. Ya ɗauki magagarin da ke gefen uwar maƙera ya shinshina, ya miƙa wa Saje shi ma ya shinshina. Warin man birki ba ya ɓuya. Sannan ya dubi gwiwoyin wandon Shitu, duk baƙin mai.

"Galma ce ke shan man birki a garin nan?"

Shitu ya yi tsuru-tsuru, sai kuma ya fashe da kuka kamar ba magidanci ba.

"Wallahi kira na aka yi. Tayar gaba ta sace bayan an gama lodi. Aka sa safaya, ta ƙi juyawa, tana cin ƙarfen nan. Aka ce in rage shi kaɗan, kamar yadda nike rage bakin gatari. Ban san akwai rami ciki ba."

"Wa ya kira ka?"

Shitu ya kalli katangar gidan Alhaji Mati, ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya bi katangar da kallo. Da safen nan Alhaji Mati ya tsaya gabansa yana kuka da sunan wani.

An dawo daga maƙabarta, masu gaisuwa sun cika ƙofar gida. Sufeto ya nemi Alhaji Mati su keɓe a zaure. Ya ajiye magagarin da tsagaggen ƙarfen a kan tabarma.

"Mi ke nan?" in ji Alhaji.

"Alhaji, Ayinde ya hana a sa safaya gaba?"

"Ban tuna ba."

"Shitu ya tuna wanda ya tsaya a kansa yana cewa ƙara gogewa."

Alhaji Mati ya dubi ƙarfen. Carbin hannunsa ya zame ƙasa.

"Buhu ashirin ke bayan motar," ya ce a hankali. "Jak ba ya ɗaga baya sai an sauke kaya, 'yan dako kuma sun watse. Ni ko ina son a riski kasuwar Funtua da wuri. Abdussamad ya ce a sauke, shi zai sauke da kanshi. Na ce yaushe ya fara koya mani mota."

"Minti nawa saukewar za ta ci?"

"Rabin awa."

"Me ya sa ka ɗora wa Ayinde?"

"Uwarshi, Hajiya Inno, ta tambaye ni abin da ya faru. Na kasa buɗe baki in ce ni ne."

Sufeto ya buɗe littafinsa zai rubuta, amma Alhaji bai gama ba.

"Da ya tada motar ya taka birki sau biyu, ya leƙo ya ce, 'Baba, birkin nan ya yi laushi. In ka yarda da aikin, shigo mu tafi tare.'"

Alƙalamin Sufeto ya tsaya. "Sai ka ce me?"

"Na ce ya yi gaba, zan biyo shi a tasi."

Saje Sada, wanda ya shekara ashirin yana kama ɓarayi, ya juya fuskarsa ga bango. Sufeto ya rufe littafinsa. Ya tura Saje ya buga waya Funtua a sallami Ayinde, a kuma kori mutanen da ke bakin garejinsa.

Bai sa wa Alhaji ankwa ba. Suka fito tare ta tsakiyar masu gaisuwa, kowa na ɗaga hannu yana cewa, "Allah ya ba da haƙuri, Alhaji." A ƙofar cikin gida Hajiya Inno ta leƙo, ta ga Sufeto riƙe da hannun rigar mijinta.

"Alhaji, an kama wanda ya kashe shi?" ta tambaya.

"An kama shi," in ji Alhaji Mati, ya shiga motar 'yan sanda.