Bidiyon Bakin Tafki

A garin Illela akwai wata yarinya mai suna Shafa'atu. Tana aji uku na ƙaramar sakandare. Innarta tana sayar da atamfa da leshi. Masu sayen kayanta suna da yawa, wasu a Illela, wasu a ƙetaren iyaka, can Ƙonni. Idan sabon kaya ya zo, Inna takan ɗora hotonsa a sitatus na wayarta, kowa ya gani ya zaɓa.

Shafa'atu tana son wayar nan ƙwarai. Bayan la'asar Inna takan ba ta aro. Sai ita da ƙawarta Lubabatu su shiga yin bidiyon wasa. Su ɗaura ƙaton ɗankwali kamar masu zuwa biki. Su kwaikwayi mai tallan kifi. Su kwaikwayi yaron mota yana ihu, "Sakkwato! Sakkwato! Saura mutum guda!" Su kalla, su yi ta dariya har su kwanta a tabarma.

A gaban waya bakin Shafa'atu ba ya mutuwa. Amma akwai mutum ɗaya wanda idan ta gan shi, maganarta take ɓacewa.

Sunansa Mannir. Ajinsu ɗaya. Bafulatani ne, rugarsu tana kusa da Lafani. Kullum yana zuwa a kan tsohon keke, littattafansa ɗaure a baya da igiya. Yana zama kusa da taga. Ba ya surutu. Idan Malama Baraka ta ba da lissafi mai wuya, shi yake fara gamawa, amma ba ya ɗaga hannu sai an kira shi.

Wata rana biron Shafa'atu ya faɗi ya gangara har gaban kujerarsa. Ya ɗauka, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙa mata.

"Ga bironki," ya ce.

Shafa'atu ta buɗe baki za ta yi godiya. Abin da ya fito shi ne, "Lafiya lau."

Lubabatu ta toshe baki da hijabi tana dariya. A hanyar gida ba ta bar ta ta huta ba.

"Lafiya lau! Ke, wa ya gaishe ki?"

"Don Allah Luba, ki bari."

"Ba ni bari. Gobe ma ki yar da biro, mu ji mi za ki ce."

Shafa'atu ta bi ta da gudu. Amma da ta isa gida, sai ta ajiye biron nan a ƙasan akwatinta. Ba ta ƙara rubutu da shi ba.

Ranar Asabar Inna ta aike su Lafani su kai wa wata mata atamfa. Ta ba su wayar don matar ta ga sauran kaya. Da suka juyo, sai suka bi ta bakin tafki.

Nan suka hango shi.

Mannir yana tsaye cikin shanu, sanda a kafaɗa, malafa a kai. Ba kamar Mannir na aji ba. Yana kiran shanun ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta. Yana yi musu 'yar waƙa da Fulatanci. Wata farar saniya ta zo tana lasar hannunsa, shi kuma yana dariya.

Shafa'atu ba ta taɓa ganin dariyarsa ba.

Ta laɓe a bayan wata aduwa, ta ciro waya.

"Ke, ki gaishe shi mana," in ji Lubabatu.

"Yi shiru, kada ya ji."

Ta ɗauke shi bidiyo. Ta ɗauki shanun, tun daga na farko har na ƙarshe. Ta ɗauki babbar kukar da ke bakin tafki, da 'yar hanyar da ta bi ta bayanta zuwa ruga. Mannir bai sani ba.

A gida ta kalli bidiyon sau ɗaya. Ta sake kallo. Ta kalla tana tankaɗen gari, ta kalla tana jiran tuwo ya nuna. Kowane lokaci takan tsayar da shi daidai inda yake dariya.

Sai wani tunani ya zo mata. Mannir ba shi da waya, amma yayyensa suna da ita. Idan bidiyon ya zagaya, wataƙila ya kai gare shi. Wataƙila ya gane abin da bakinta ya kasa faɗa.

Ta sa wa bidiyon kiɗa mai sanyi. Ta sa masa 'yan furanni a gefe. Ta rasa abin da za ta rubuta wanda ba zai tona mata asiri ba. Sai ta rubuta, "Ku dubi yawan shanun nan, masha Allah! Bayan kukar Lafani." Ta ɗora a sitatus na Inna.

Ranar Lahadi kasuwa ta ci. Inna tana fama da masu saye, ba ta lura ba. Mutane da yawa suka kalla. Wasu suka sauke, suka tura wa wasu.

Ranar Litinin Shafa'atu ta wanke fuska sau biyu. Ta shiga aji. Ta dubi wajen taga.

Kujerar Mannir babu kowa.

Talata ma haka. Laraba ma haka. Duk sanda ta ji ƙarar keke a waje sai ta ɗaga kai. Ba shi ba ne. Rana takan shigo ta taga ta kwanta a kan kujerarsa, babu wanda ya tare ta. Lissafin Malama ya zauna a allo har aka tashi, ba wanda ya gama shi.

Ranar Alhamis Malama Baraka ta shigo fuskarta ba walwala.

"Jiya na je rugar su Mannir," ta ce. "Mahaifinsa, Malam Boyi, ya ce za su tashi jibi. Za su yi nisa. Mannir ba zai rubuta jarrabawa da ku ba."



"Mi ya faru, Malama?" wani ya tambaya.

"Wani ya ɗauki shanunsu a ɓoye ya watsa a waya. Har ya faɗi inda suke. Malam Boyi yana ganin aikin ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. Ya ce mutumin yana bin yaronsa daga makaranta. Don haka ba zai bar shi a nan ba."

Lubabatu ta juyo ta dubi Shafa'atu. Shafa'atu ta sunkuyar da kai.

Da aka tashi tara, Lubabatu ta ja ta bayan aji.

"Ki goge kawai. Ba wanda ya san ke ce. Ni ba ni faɗi."

"In na goge, Mannir zai dawo?"



Shafa'atu ta tafi ofishin malamai. Ta tsaya a bakin ƙofa har Malama Baraka ta gan ta.

"Shigo. Mi ne ne?"

"Malama... ni ce."

"Ke ce mi?"

"Ni na ɗauki bidiyon."

Hawaye suka zubo mata. Malama ta dube ta. Ba ta yi tsawa ba.

"Kin tambaye shi kafin ki ɗauka?"

"A'a, Malama."

"To. Kin yi kuskure babba. Amma kin zo da ƙafarki, wannan ma wani abu ne. Idan an tashi, tare za mu je wurin innarki."

Inna ta saurara har ƙarshe. Ta ɗauki wayar ta duba, ta riƙe haɓa.

"Innalillahi! Shafa'atu, kin san mutum nawa ke kallon wagga waya? Daga nan har Ƙonni! Ni kaina ban san rabinsu ba."

"Inna, wasa na yi."

"Wasa da dukiyar mutane? Ke kin taɓa jin Bafulatani ya faɗi yawan shanunsa? Ko ɗan'uwansa ba ya tambaya. Ke kuma kin nuna wa duniya, har da kwatance."

Inna ta goge bidiyon nan take. Ta tura wa masu sayenta saƙo, ta roƙi duk wanda ya sauke ya goge.

"Wanda ya riga ya tafi, ya tafi," ta ce. "Sa hijabinki. Lafani za mu."

Su uku, har da Malama Baraka, suka isa ruga da la'asar. An riga an fara kwance bukkoki. Mata suna ɗaure ƙore a cikin raga. Malam Boyi yana zaune a kan buzu, kusa da shi wata tsohuwa, kakar Mannir, wadda kowa yake kira Goggo. Mannir yana can gefe yana naɗe igiya. Da ya ga Shafa'atu sai ya tsaya.

Aka gaisa, aka tambayi gida da dabbobi. Goggo ta kawo kindirmo. Sannan Inna ta ce, "Malam, laifi muka kawo. Ga mai shi."

Shafa'atu ta durƙusa.

"Baffa, ni na ɗauki shanunku. Ba wanda ya aiko ni. Ku yi mini gafara."

Malam Boyi ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke? Wagga 'yar ƙaramar?"

"Ni ce, Baffa."

"Kwana huɗu ba na iya cin abinci. Shekaranjiya baƙi biyu bisa babur sun tsaya gindin kuka suna kallon garke. Har yanzu ban san ko su wa ne ba. Ɗiyata, shanun nan su ne gonarmu, su ne rumbunmu. Mi ya sa kika yi haka?"

Shafa'atu ta buɗe baki. Babu abin da ya fito.

"Ina tambayarki. Shanun kike so?"

Ta girgiza kai.

"To mi kike so cikin hoton?"

Ba ta yi niyya ba, amma idonta ya tafi wajen mai naɗe igiya, ya dawo da sauri. Ta ja hijabi ta rufe fuska.

Goggo ta gani. Ta fashe da dariya har tana dukan cinya.

"Boyi, bar yarinya! Ba saniya ta je ɗauka ba. Kai ba ka taɓa zama yaro ba?"

Mannir ya yar da igiyar ya zagaya bayan bukka. Inna ta kawar da kai. Malam Boyi ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, amma gemunsa yana motsi.

Malama Baraka ta gyara zama.

"Malam, ka ga dai ba wanda ke bin yaronka. Saura wata biyu jarrabawa. Mannir ya fi kowa ƙoƙari a ajina. Kada ka tafi da shi."

Malam Boyi ya shafa gemu.

"Shanu dai sai sun tashi," ya ce. "Wanga wuri ya tonu. Yayyensa za su kai su wajen dangi. Ba ni faɗin ko ina." Ya dubi Shafa'atu. "Musamman gaban mai waya."

Goggo ta sake dariya.

"Shi kuma yaro, zai zauna gidan kawunsa nan kusa, a Amarawa, har ya gama. Ɗiyata, tashi. Na yafe miki. Da kin yi shiru, da jibi mun tafi da shi."

A hanyar dawowa Shafa'atu ta ga mata suna ɗora kaya a kan jakuna. Saboda ita suke barin wurin da suka saba. Abin ya tsaya mata a rai.

Inna ta dafa kafaɗarta.

"Zuciya ta ga wani ta ji daɗi, ba laifi ba ne. Kowa ya yi ƙuruciya. Amma komai da lokacinsa, yanzu lokacin karatu ne. Kuma wanda kike ganin girmansa, ba ki ɗaukar abinsa a ɓoye. Wata guda ba ke ba waya."

"To, Inna."

Ranar Litinin Shafa'atu tana share gaban aji sai ta ji ƙarar keke. Ta ɗaga kai. Wannan karon shi ne.

Mannir ya jingine keken. Ya zo zai wuce, sai ya tsaya. Yana kallon ƙasa, ita ma tana kallon ƙasa.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Saboda ni shanunku suka tafi."

"Za su dawo da damina."

"Kana kewarsu?"

"Sosai." Ya sosa ƙeya. "Wata rana in za ki ɗauki mutum, ki tambaye shi."

"To... in na tambaye ka fa?"

"Sai in ce a'a."

Ya faɗi haka yana murmushi, ya shige aji da sauri har ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa. Shafa'atu ta ci gaba da shara, tana share wurin da ta riga ta share.

Bayan wata guda Inna ta sake ba ta aron waya. Ita da Lubabatu suka koma wasanninsu. Amma daga ranar, Shafa'atu ba ta ƙara ɗaukar kowa ba sai ta tambaye shi, kuma ba ta ɗora komai sai Inna ta gani.

Yara, kada ku ɗauki hoton mutum ko dukiyarsa ba da izininsa ba. Abin da ya zama wasa a wurinku yana iya zama haɗari a wurin wani. Idan kuma kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri, tun ana iya gyarawa.