Kube Babu Takobi

Ina tura ƙofar ɗakin Baba na ga kuben a ƙasa, babu takobi a ciki.



Baba ya daɗe yana tara takubban sojojin doki na dā, kowanne da maratayinsa a bango. Amma wannan mai lanƙwasa, mai ƙotar tagulla, shi ne ransa, domin na kakansa ne.

Baba yana tsaye idanunsa jajur. A gabansa Dogo ne, malamin tarihin da ke zuwa taya shi goge tsatsa. A ɗakin nan muka fara satar kallon juna, har ya turo magabatansa.

Ɗan Goggo, wanda ya nemi aurena na ƙi, yana gefe. Da murya mai sanyi ya ce shi dai ba ya zargin kowa, amma wa ke shiga ɗakin nan ban da baƙo?

Baba ya nuna wa Dogo ƙofa, ya ce a mayar wa magabatansa da kayan aurensu.

Dogo bai kare kansa ba. Ni ya kalla.

"Ke ma, Auta?"

Na sunkuyar da kai.

Ya fita.

Abinci ya daina shiga cikina. Mama ta yi lallashi har ta gaji, Goggo kuwa ta fara zarya gidanmu tana yabon ɗanta. Na kira Dogo ba adadi, bai ɗauka ba.

Wata rana da hantsi, Goggo da ɗanta suna gidanmu, Dogo ya yi sallama, ya rame, takobin naɗe a cikin zane. Tare da shi akwai wani dattijo mai sayen kayan tarihi. Ashe shago-shago ya bi har ya gano shi. Dattijon ya ƙi rabuwa da takobin sai da Dogo ya ba shi nasa, guda ɗaya tilo da mahaifinsa ya bar masa.

Baba ya tambayi dattijon wa ya sayar masa. Dattijon ya juya ya dubi ɗan Goggo.

Goggo ta fashe da kuka. Baba ya zauna daɓas, ya riƙe hannun Dogo yana neman gafara. Dogo ya ce ya yafe, ya juya.

Na bi shi da gudu har bakin ƙofar gida.

"Masoyina... tsaya."

"Zargin Baba bai kashe ni ba," ya ce. "Naki ne ya hana ni barci."

"Tsoro na ji. Ban taɓa yarda ba, wallahi. Idan ka tafi, ba zan auri kowa ba."

Ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya sauke numfashi.

"Share hawayenki, mutane na kallo. Ki ce wa Baba kawuna zai dawo jibi kan maganar aurenmu."