Tafin Ƙafar Duna

"Ni fa ba da gangan na yi ba!" na ce.

"Wa ya ce da gangan kika yi?" in ji Mama. Dawowarta ke nan daga aiki, ko jaka ba ta ajiye ba. "Cewa na yi gobe kawunki zai zo ya tafi da shi. A gidansa akwai masu haƙurin kula da kare."

Duna karenmu ne. Baƙi ne, ya tsufa, bakinsa duk furfura. Shekararsa sha ɗaya, ni sha uku. Mama kan ce tare ta raine mu, kuma shi ya fi jin magana.

Ga abin da ya faru. Aikina ne in fita da shi yawo kullum, in rana ta yi sanyi. Ran nan na aro wani littafi a makaranta, ya yi daɗi, saura babi biyu. Na ce bari in sallami Duna da wuri in huta.

Ƙarfe biyu na rana na ɗaura masa igiya. Na bi da shi ta kan kwalta, don ta fi kusa. Yana tirjewa, ina ja. Ya ɗaga wannan ƙafa, ya sauke, ya ɗaga waccan.

"Malalaci kawai, taho!" na ce.

Ni da takalmina. Shi fa?

Da muka dawo ya shige ƙarƙashin tebur yana lasar ƙafa. Tafin ya yi jajir, fatar ta saluɓe.

Baba ya kai mu wajen likitar dabbobi. Ba ta yi min faɗa ba. Waje ta fito da ni, ta ce, "'Yata, ɗora bayan hannunki a kwaltar nan, ki ƙirga biyar."

Ko uku ban kai ba.

"To, a kanta ya yi tafiya," ta ce. "A wanke ƙafar safe da yamma, a shafa magani, a naɗe. Kwana goma."

Shi ne fa muke ta ja-in-ja da Mama.

"Ki ba ni kwana goman nan," na ce. "Don Allah, Mama."

"Ke? Ke da ba kya iya jiran shayi ya huce?"

Baba ya yi hamma, ya ce, "A bar ta ta gwada mana."

Mama ta sauke numfashi. "Kika tsallake ko sau ɗaya, ya tafi."

Kai, na sha wuya! Da sassafe in tashi in wanke ƙafa huɗu. In naɗe, ya sa haƙori ya warware. In sake naɗewa. Daga baya na zura masa tsofaffin safar Baba. Baba ya gani, ya ce, "Sun ma fi yi masa kyau."

In zai yi fitsari sai na ɗauke shi cak zuwa waje. Ga nauyi kamar buhun siminti. Bayana ya riƙe. A aji sai gyangyaɗi, har malama ta tambaye ni ko lafiya.

A rana ta shida na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Na gaji, wallahi. Duna ya jawo jiki, ya ɗora haɓarsa a gwiwata. Ni da na ƙona shi! Na share hawaye, na ɗauko magani.

A rana ta goma Mama ta tsuguna. Ta duba ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗauki waya.

"Yaya, ba sai ka zo ba," ta ce. Ta juyo. "To, sarauniyar sauri, me kika koya?"

"In na yi gaggawa, ba ni kaɗai take ci ba," na ce. "Kuma wanda ba ya magana, sai an tsaya an dube shi."

"Madalla. Saura wanke-wanke."

"Mama! Rana ta yi sanyi, kwanansa goma bai fita yawo ba!"

Duna yana bakin ƙofa, jela sai kaɗawa take. Na fizgi igiya, na ja ƙofa garam!

"Ki ɓalla min ƙofar, kin ji!" Mama ta ɗaga murya daga ciki.

Muka fita, yana gaba a hankali, ina biye.