Simintin da Ramlat Ta Fasa

Wata uku ke nan da Zakari ya ɗauko mahaifiyarsa, Ya Kaka, daga ƙauyen Mamudo zuwa gidansa na unguwar Hausari, domin gwiwoyinta sun daina ɗaukar noma. Tun ranar tsohuwar ta shige ɗaki. Kullum matarsa Ramlat za ta kai tuwo, kullum ta dawo da kwanon kusan yadda ta kai shi.

Yayarsa Hadizatu kuwa ta riga ta yanke hukunci: "Yarinyar nan ce za ta kashe mana uwa da yunwa!"

Zakari yana son matarsa, amma ya gaji. Ya gaji da layin asibiti, ya gaji da zaman sulhu.

Wata rana a farkon damina ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, ya tarar an fasa daɓen tsakar gida, simintin da ya shekara biyu yana tarawa buhu ɗai-ɗai. Ramlat na tsaye riƙe da diga.

"Ramlat! Simintina?"

"Ka yi haƙuri, Malam. Ina wanke zanen Ya Kaka na ga ƙullin iri a gefensa, kuɓewa da yakuwa. Tun Mamudo take ɗauke da shi. Ka ba ni kwana bakwai."

"Ka ji injiniya!" in ji Hadizatu. "Ta hana uwa abinci, ta koma rusa gida. Zakari, rubuta mata takardarta!"

Zakari ya runtse ido. "Kwana bakwai. In Ya Kaka ba ta ci ba, ki tafi gidanku."

Ramlat ta share hawaye, ta ci gaba da kwashe ɓaraguzai. Ta kawo taki, ta yi kunyoyin shuka huɗu daidai ƙofar tsohuwar. Kwana shida labule bai motsa ba.

Rana ta bakwai da hantsi, Zakari na zaune, ya ga Ramlat ta tona rami, ta ɗebo irin kuɓewa daga ƙullin tsohuwar cikin hannu ta juye duka a ciki.

"Bari in ƙara," ta faɗa da ƙarfi, "kada ya yi kaɗan."

Labule ya yaye.

"Ke! Ke 'yar birni! Irin nawa za ki ƙarar a rami guda? Uku ake sawa, uku!" Ya Kaka ta dogara sanda ta fito tana haki. "Kauce min. Miƙo fartanya."

Ta zauna a ƙasa tana tsince irin, tana faɗa, har azahar. Sannan ta ɗago kai: "Wai gidan nan ba a ciyar da wanda ya yi aiki ne?"

Ta cinye tuwon, ta nemi ƙari. Hadizatu ta ɗauki mayafinta ta fice ba sallama.

Zakari ya bi matarsa madafi, ya sassauta murya. "Ki yafe mini. Amma da gaske ba ki iya shuka ba?"

Ta yi murmushin gajiya. "Babana ɗan lambu ne, Malam. Uku ake sawa, na sani."

Sai a lokacin Zakari ya gane cewa ba abinci mahaifiyarsa ta rasa ba. Mai buƙatarta ta rasa. Wanda duk ya ɗauko tsoho daga gonarsa, to ya bar masa ƙasar da zai taɓa, kuma kada ya yi gaggawar hukunta mai haƙuri. Har yau ba a mayar da simintin ba.